Badun ko Ogbomosho? Zan koma jihar Oyo da sana'ar hatsi, a ba ni shawara

Ɗan Dawanau

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah waɗanda suka san ƙasar Yarbawa musamman jihar Oyo nake son ku taimaka min da shawara. Ni ɗan Kano ne, sana'ata hatsi, wake da masara da waken suya da ɗan gero, a Dawanau na tashi tun ina yaron shago. Shekara shida kenan ina tura kaya kudu, in yi lodi a nan wani ya karɓa a kasuwar Bodija ya sayar ya turo min kuɗi, to gaskiya abin ya fara isata don kullum lissafi baya fita, yau a ce buhu biyu sun jiƙe a hanya gobe a ce matar da ta ɗauki bashi ta yi tafiya ƙauyensu biki, ni kuma bana wajen balle na ce ƙarya ne. Ba zargin mutumin nake ba Allah ya sani, amma gani ya kori ji.

Shi ne muka zauna da ƙanina muka yanke shi ya riƙe sayen kaya a nan, ni na koma can na kama sito na zauna a kan kayana. Ina da mata ɗaya da yara uku, babbar tana aji huɗu a firamare.

Matsalar ita ce garin da zan zauna. Badun na je sau huɗu amma ban taɓa wuce kwana uku ba, kuma wallahi garin ya min girma, ga gosulo, ga rikicin da ya faru a kasuwar Shasha har yanzu yana raina. Direban da yake ɗaukar min kaya kullum Ogbomosho yake min talla, wai ya fi arha ya fi kwanciyar hankali kuma ya fi kusa da gida, ni kuma a mota kawai na taɓa wucewa ta cikinsa da daddare. Wani kuma ya ce min Shaki. To a ina ciniki ya fi, ina haya ta fi sauƙi, ina yara za su samu boko da islamiyya, kuma ina mutum zai kwanta da ido biyu rufe? Na gode.

Baba na Mokola

Wa alaikumus salam ɗana. Na shigo Badun ina saurayi yanzu ga jikoki, to bari na faɗa maka abin da na gani.

Tambayoyi huɗu ka yi amma ɗaya ce ke jan sauran, wato ina kayanka za su tafi. Wanda ya zo kurmi neman abinci wajen ciniki yake fara dubawa, haya da makaranta daga baya suke biyowa, in ka kama gida mai arha a garin da buhu hamsin zai yi maka wata guda a sito ai ba ka ci ribar komai ba. Kuma a duk jihar nan babu inda ke haɗiye wake kamar Bodija, daga nan matan kasuwannin Oje da Oja'ba da Apata suke sara, har daga Osun da Ogun ana zuwa. Bayarabe baya wasa da wake, ƙosai ne alale ne gbegiri ne wato miyar waken da suke ci da amala, kullum sai an dafa.

Amma tunda ka ambaci masara da waken suya, kasuwarsu ba ta matan tebur bace. Masu gonar kaji ne da masu niƙa abincin kaji, kuma jihar Oyo tana cikin inda aka fi kiwon kaji a ƙasar nan, daga kewayen Badun har Awe kusa da garin Oyo. Su ba ruwansu da kwano, kan sikeli za a ɗora a biya ka da kilo, kuma sai sun duba bushewa, shi ya sa suke son masarar arewa don tasu ta nan da damina take zuwa da danshinta. In ka samu biyu ko uku a cikinsu da suke biya a kan lokaci ka huta, mota za ta sauke kai tsaye a wajensu ko sito ba za ta shiga ba.

Kada ka ce Sabo za ka zauna don ka ji unguwar Hausawa ce. Eh tun 1916 aka ware wa kakanninmu ita, akwai sarkin Hausawa akwai masallatai akwai zawiyoyi, in ka shiga kamar kana Fagge, amma ta cika ta batse kuma harkar cikinta canji ne da ɗinki da tsire da saye da sayarwa, tirela ba ta da abin yi a can. Mai hatsi ɓangaren arewa na gari ya kamata ya duba, Ojoo, Shasha, Moniya, har zuwa Akinyele inda karar shanu take, nan ne bakin hanyar da ta fito daga Oyo, motarka za ta iso ba sai ta ratsa tsakiyar gari ba, kuma mutanenmu suna da yawa. A Moniya ɗin ne ma tashar jirgin ƙasa na Legas take tun 2021, awa biyu da rabi zuwa uku kana Ebute Metta.

Maganar Shasha ba zan ɓoye maka ba, ina gari aka yi, Fabrairun 2021. Gardama ce a kan tumatir da ya zube a gaban shagon wata mata, aka yi hannu, wani mai gyaran takalma Bayarabe ya rasu, washegari kasuwa ta kama da wuta, an rasa rayuka ta kowane ɓangare an ƙone shaguna da gidaje, har gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo suka zauna da gwamna Makinde, daga baya ma ƙungiyar masu kayan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa kudu na 'yan kwanaki. Na san waɗanda suka kwashe iyali ba su ƙara dawowa ba. Na kuma san waɗanda maƙwabtansu Yarbawa ne suka ɓoye su a ɗaki. Duka biyun sun faru.

Abu biyu da yara irinku suke rainawa. Na ɗaya mai gida, kada ka sauka a kasuwa ba ka da babba da zai ce wannan nawa ne, shi zai kai ka wajen shugabannin 'yan hatsi ka yi rajista, shi zai nuna maka wace mata ake ba bashi wace ce ba a ba, don a nan mata ne da kasuwa, Iyaloja wato shugabar matan kasuwa in ta yi magana ta zauna, kuma ciniki kusan duk na bashi ne, ta ɗauka yau ta biya in ta zo ɗaukar na gaba. Wannan da kake zargin wakilinka da shi kai ma sai ya same ka, bambancin kawai za ka san fuskar matar. Na biyu laima. Waken da zai yi wata huɗu a Dawanau lafiya lau, a nan in ka jibge shi a kan siminti da damina sati kaɗan za ka ji yana ɗumi ƙwari sun tashi. Katako a ƙasa, kada buhu ya taɓa bango, wanda zai daɗe a sa shi a buhu mai leda biyu a ciki, kuma dan Allah ban da zuba maganin da ba na abinci ba, ya jawo mana zagi da yawa. Sannan ka manta da tiya, a nan kongo ake awo.

Mai Daf Jebba

Baba Allah ya ƙara girma ban musa muku ba amma ni dai Ogbomosho nake gani, shekara goma sha ina bin hanyar nan daga Kano zuwa Tegina zuwa Mokwa mu haye gadar Jebba mu shiga Ilori, to daga Ilori awa ɗaya ma bata cika ba kana Ogbomosho a kan titi mai hannu biyu, wahalar duk tana gaba ne tsakanin Ogbomosho da Oyo inda aka yi shekara da shekaru ana aikin sabon titi, tsohon kuwa siriri ga kwana ga tanka ga tirela, in mota ɗaya ta faɗi sai ka kwana a wajen, to wanda ya sauke a Ogbomosho ya tsallake wannan kuma kuɗin mota ya ragu. Sannan mutanen garin wallahi kamar 'yan uwa, rabin dattawan kasuwa in ka yi musu Yarbanci da Hausa za su amsa maka don a Jos ko Kano ko Zariya aka haife su, akwai Sabo a can ma, haya kuma ba a haɗa ta da Badun. Ga ɗaliban jami'ar LAUTECH suna cin wake kamar me. Lokacin mangwaro da kashu kuma ba ma dawowa arewa da mota wayam.

Baba na Mokola

Direba kenan, kai inda za ka sauke da wuri ka juya kake dubawa. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma tambaye shi tirela nawa ta wake Ogbomosho take shanyewa a wata, kuma in jami'a ta tafi hutu ko yajin aiki fa? Ga Ilori a gefe tana tare musu ciniki.

Maman Ilham

Salam. Yaya Ɗan Dawanau naga duk maza sun tsaya a kan buhu ba wanda ya tuna da matarka, ni bari na yi magana a madadinta tunda na zauna a duka garuruwan biyu, shekara uku a Ogbomosho sannan aka yi wa maigidana canjin aiki muka dawo Badun wajen Ojoo.

Farko gidan. Ka sani yawancin gidajen haya masu sauƙi a nan irin ɗaki na kallon ɗaki ne, doguwar baranda a tsakiya, banɗaki ɗaya madafa ɗaya kowa da kowa, maza da mata suna giftawa da ɗaurin ƙirji ko gajeren wando ba ruwansu. Macen da ta saba da tsakar gidanta a Kano, ta yi shanya ta yi tsifa ba mai ganinta, in ka ajiye ta a irin wannan wallahi kuka za ta dinga yi maka, ni na yi shi wata biyu cur. Ka daure ka nemi mai ƙofarsa daban ko da ɗaki da falo ne, kuma a Ogbomosho kuɗin da zai kama maka irin wannan a Badun ɗaki ɗaya zai baka a unguwa mai kyau. Ka tambayi ruwa kafin komai, rijiya ce ko bohol, kuma tana ƙafewa da rani ko a'a. Banda kuɗin shekara akwai na ejan da na yarjejeniya da na ajiya wai ko ka ɓata wani abu, duk a lissafa maka a rubuce kafin ka ba da ko sisi, mu wani ejan ya taɓa karɓar mana kuɗin gani har sau uku gida ɗaya yake zagayawa da mu ta hanyoyi daban daban. A Badun kuma kada ka kama gida a gangare kusa da rafi komai arharsa, Ogunpa da 'yan uwanta sun ci mutane a 1980 sun ƙara a watan Agustan 2011, da damina ake duba gida a garin nan ba da rani ba, ka kalli bango ka ga inda ruwa ya yi zane.

Makaranta kam kada ka damu, boko sun fi mu riƙe ta da gaske ko ta gwamnati ce, kuma akwai makarantun musulmi masu zaman kansu da yawa da yarinya za ta sa hijabinta. Islamiyya ce sai ka zaɓa, tasu ta Yarbawa suna karatu sosai amma fassarar da Yarbanci ce, in kana son ta malaman mu sai unguwar da Hausawa suke da yawa, a nan Badun ta fi. Ogbomosho akwai musulmi sosai amma gari ne da 'yan Baftis suka kafu tun da daɗewa, makarantar horar da fastocinsu tana can, babban asibitinsu ma, kuma gaskiya a asibitin na haifi ta biyu ban ga wulaƙanci ba. Badun kuma ga babban asibitin koyarwa na UCH in abu ya yi tsanani Allah ya kiyaye.

Yara cikin wata shida za ka ji suna faɗa da Yarbanci, nawa har sun fi ni, sai na sa doka a cikin gida Hausa kawai. Ka koya musu gaisuwa, Yarbawa suna ɗaukar gaisuwa da girma fiye da yadda kake zato, yarinya ta ɗan rusuna ta ce ẹ kaaro ma shikenan ta saye tsohuwar gidan. Ita ma madam ta koyi na cefane.

Sai abin da ba wanda ya faɗa min kafin na zo, al'adunsu na gargajiya. Akwai lokacin Oro da ake cewa mata kada su fito, a Badun kuma akwai dodon Oloolu da mace bata ganinsa, in an sanar ko maƙwabta sun ce yau a zauna a gida to a zauna, ba wajen nuna jarumta ko wa'azi bane, rikicin Shagamu na 1999 a kan irin wannan ya tashi.

Abin da ya fi komai ciwo dai nisa ne. Ranar da aka bugo min mahaifiyata ta rasu kafin na isa an yi kwana biyu da binne ta. Wannan ko Ogbomosho ko Badun duk ɗaya ne, ɗan kusancin da direba yake magana ba zai canja komai ba. Ni shawarata kada ka ɗauko su yanzu, ka je kai kaɗai ka ci damina ɗaya a can, in ka ga zama zai yiwu sai su taho kafin a koma makaranta a watan tara, kuma ka tambaye ta ra'ayinta tsakani da Allah ba wai ka sanar da ita ba.

Abba Kofa

Ni a Shaki na yi bautar ƙasa. Gari ne mai daɗin zama ga ɗan arewa, musulmi ne mafi yawa, yanayin ma kamar Neja ba kamar kurmi ba, ga Fulani ga kasuwar shanu ga iyakar Benin kusa. Amma Yaya wanda ya ce ka kai hatsi Shaki bai san Shaki ba, su ne ke noma wa jihar abinci, doya masara rogo, can wajen saye ne ba wajen sayarwa ba, kamar ka ɗauki gero ka kai Gumel ne. Kuma ya yi nisa da komai duk da an gyara titin Moniya zuwa Iseyin da ake bi zuwa can. In dai tsakiya kake so ka duba garin Oyo na Alafin, bai kai awa ɗaya zuwa Ojoo ba kuma titin mai kyau ne, haya da sauƙi, ga gonakin kajin da Baba ya faɗa a gefensa. Sai dai zirga zirgar kullum da tsadar man nan zata cinye abin da ka rage a haya.

Gaskiya Ɗaci

Ni ban ga dalilin da mutum zai bar Kano da ƙafarsa ya kai 'ya'yansa inda rana ɗaya za a ce ya tattara ya bar musu ƙasa ba. Kun manta wa'adin da aka ba Fulani a Igangan a 2021? Ka canja wakili kawai malam ka zauna a gidanka.

Baba na Mokola

Ba mu manta ba ɗana, kuma ban ce maka ba za a ƙara ba. Amma rikicin Ibarapa, yankin da Igangan take, na daji ne tsakanin manoma da makiyaya, ba shi ne zaman ɗan kasuwa a cikin gari ba. Mu nan muka binne iyayenmu, wasunmu Kano ɗin ma sai da rakiya. Abin da nake gaya wa kowane baƙo shi ne kada ya tara dukiyarsa duka a sito ɗaya, kada ya yi saurin sayen fili, riba ta dinga komawa gida, in ya ga an fara taruwa ana ɗaga murya a kasuwa ya rufe shago ya tafi ba sai ya ji ba'asi ba. Maganar canja wakili kuma ba laifi bace, in ya je ya zauna wata uku ya ga yadda bashin nan yake tafiya wataƙila ma ya gane mutumin nasa ba cin sa yake ba.

Ɗan Dawanau

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba Allah ya ƙara lafiya, maganar masu kaji ta buɗe min ido don ni duk tunanina a kan Bodija yake, kuma gaskiya masara ta fi yawa a abin da nake turawa. Hajiya Maman Ilham na karanta wa uwargida abin da kika rubuta daga farko har ƙarshe, da aka zo wajen ɗaki na kallon ɗaki cewa ta yi wallahi sai dai na tafi ni kaɗai, to kin ga an gama wannan. Allah ya jiƙan mama.

Abin da na tsayar yanzu, lodin da za mu yi bayan sallah zan bi motar da kaina, na sauka a Ogbomosho na kwana biyu na zaga Sabo da kasuwanninsu don kada direbana ya ce ban ba garinsa haƙƙinsa ba, na tsaya Oyo na yini, sannan na wuce Badun na nemi ɗaki wajen Moniya ko Ojoo na wata shida ba shekara ba in mai gidan zai yarda. Shaki na cire ta, sai dai ko zuwa sayen doya.

Baba tambaya ɗaya ta rage, mutumin da yake karɓar min kaya shekara shida shi ya kamata na riƙa a matsayin mai gida ko na nemi wani daban? Don in na tsallake shi zai ga kamar na ce ɓarawo ne, in kuma na shiga ta hannunsa duk kwastomomin nasa ne ba nawa ba.

Baba na Mokola

Ta hannunsa za ka shiga, ka kai masa tsarabar kilishi da turare ka ce ka zo koyon kasuwa a wajensa. Waken ka bar masa yadda kuka saba, masarar da waken suya ka nemi masu kaji da kanka tunda dama ba layinsa bane. In ka iso Ojoo ka tambayi masallacin 'yan hatsi ka yi la'asar a can kwana uku a jere, za a tambaye ka daga ina.